Mod Organizer 2 ko Vortex: Wanne Za Ka Ɗora wa Skyrim?

Duk wanda ya fara yi wa wasan kwamfuta na Skyrim Special Edition kwaskwarima da mods, wato ƙarin fayilolin da ke sauya wasan, zai iso mararraba guda tun kafin ya sauke mod na farko: da wace manhaja zai riƙa girka su? Biyu ne suka mamaye fagen, Mod Organizer 2, wanda ake taƙaitawa da MO2, da kuma Vortex na shafin Nexus Mods. Dukansu kyauta ne. Asalinsu ma hannu ɗaya ne, domin Tannin, wanda ya ƙirƙiri Mod Organizer na farko, shi Nexus suka ɗauka aiki a 2016 ya gina musu Vortex, sauran masu sa-kai kuma suka ci gaba da MO2. Sai dai 'yan uwan nan biyu ba hali ɗaya gare su ba, kuma bambancin yana wuri guda: ina fayilolin mod suke zaune a lokacin da wasan ke karanta su. Wanda ya gane wannan, ya gane yawancin matsalolin da zai ci karo da su a kowannensu.

Skyrim yana karanta kayansa daga wata folda mai suna Data. Mod kuma ba komai ba ne face fayilolin da ake so wasan ya tarar a cikin wannan folda. MO2 ba ya saka ko fayil ɗaya a can. Kowane mod yana da foldarsa daban a gidan MO2, sai idan ka danna Run, wani ɓangare nasa mai suna USVFS ya shiga tsakanin wasan da Windows, ya nuna wa wasan wata Data ta bogi wadda ta haɗa komai. Da ka rufe wasan, ta ɓace. Ka leƙa foldar wasan, za ka tarar da ita fes kamar ranar da Steam, manhajar saye da sauke wasanni, ya sauke ta. Amma akwai sharaɗi: duk abin da ba ta cikin MO2 aka tashe shi ba, ba ya ganin mods ko kaɗan. Ka buɗe wasan daga Steam, Skyrim tsura za ka samu. Ka buɗe LOOT, mai jera mods, ko SSEEdit, mai gyara bayanansu, daga fuskar kwamfuta, za su ce maka babu mod ko ɗaya. Wannan shi ne kukan farko na sabon shiga MO2, maganinsa kuwa shi ne a shigar da kowace manhajar aiki cikin jerin Executables, a riƙa tashin ta daga can.

Vortex kuwa yana ajiye mods a wata folda ta jira, sannan idan ka danna Deploy ya ƙulla wa kowane fayil mahaɗa a cikin Data ta gaske. Irin mahaɗar nan ta Windows ce, ana ce mata hardlink: fayil ɗaya ne a kan diski amma da adireshi biyu, saboda haka ba ya cin wuri sau biyu. Amfanin a bayyane yake. Kowace manhaja tana ganin mods ba tare da wata dabara ba, ko Vortex a rufe yake. Idan kana son foldar ta koma yadda take, sai ka danna Purge ya kwance mahaɗan. Nasa sharaɗin shi ne wannan mahaɗa ba ta tsallaka diski. Dole foldar jira da wasan su zauna a kan diski ɗaya, kuma mai tsarin NTFS. A tsarinsa na asali Vortex yana ajiye foldar jiran a C, ƙarƙashin AppData. Idan wasanka yana D, zai ƙi ƙulla komai har sai ka shiga Settings, sashen Mods, ka mayar da foldar D. Wanda ya ɗora wasan a kan diskin waje mai tsarin exFAT, kamar yadda wasunsu ke zuwa daga kanti, wannan hanya ta rufe masa gaba ɗaya, sai ya sake tsara diskin zuwa NTFS, wanda zai goge abin da ke ciki.

Abin da za ka yi tun kafin ka zaɓa

Akwai shiri da babu ruwansa da wanne ka ɗauka. Kada wasan ya zauna a Program Files, domin Windows yana tsaron wannan wuri yana hana manhajoji rubutu a ciki, sai ka ga mod ya ƙi aiki ba tare da wani saƙo ba. Ka sa Steam ko ɗakin ajiyarsa a wuri mai gajeren adireshi kamar C:\Games. MO2 ma haka, C:\MO2 ya wadatar. Wasu mods suna da folda cikin folda har hawa goma, Windows kuma yana da tsohuwar iyaka ta haruffa 260 a kan adireshin fayil. Ka tashi wasan sau ɗaya daga Steam har zuwa babban menu kafin komai, don ya rubuta fayilolin INI ɗinsa a Documents\My Games. Ka girka Visual C++ Redistributable na 2015 zuwa 2022, na x64, domin mods da yawa masu fayil ɗin dll ba sa tashi sai da shi. Idan OneDrive ya kama foldar Documents, ka cire ta daga hannunsa. Yana kulle fayilolin ajiyar wasa a daidai lokacin da wasan ke son rubuta su.

Sai babban al'amari, sigar wasan. Ka danna dama a kan SkyrimSE.exe, Properties, Details, ka karanta lambar. SKSE64, wato abin da ke faɗaɗa wa wasan harshen umarninsa kuma SkyUI da ɗimbin mods suka dogara a kai, kowace siga da nata. Wasa 1.5.97 yana son SKSE 2.0.20. Wasa 1.6.640 yana son 2.2.3. Wasa 1.6.1170 na Steam yana son 2.2.6, na GOG kuma yana da nasa fayil daban. Sigar Game Pass ba ta karɓar SKSE sam. Akwai ruɗani da ya daɗe yana cin mutane: tun sabuntawar Nuwamba 2021, masu mods suna kiran duk sigar 1.6 da AE, ko ka sayi ƙarin kayan Anniversary Edition ko ba ka saya ba. Don haka idan shafin mod ya ba ka zaɓi tsakanin fayil ɗin SE da na AE, lambar exe za ka duba, ba rasidin sayayya ba. Haka yake ga Address Library for SKSE Plugins, wanda ke da fayil guda na 1.5 da wani na 1.6.

Da ka daidaita su, ka hana Steam sabunta wasan. A Properties ka zaɓi kada ya sabunta sai ka tashe shi, sannan ka daina tashinsa ta maɓallin Play na Steam, ka riƙa bi ta SKSE alhali Steam yana buɗe. Masu son ƙarin kariya suna mayar da fayil ɗin appmanifest_489830.acf da ke cikin steamapps ya zama na karantawa kawai. Sabuntawa ɗaya tana iya kashe duk mods masu dll a dare guda, kuma babu manajan da zai cece ka.

Fayilolin da ba na Data ba

A nan Vortex ya fi sauƙi, ba ja. SKSE yana da skse64_loader.exe da dll mai ɗauke da lambar sigar wasan, su kuma kusa da SkyrimSE.exe suke zama, ba cikin Data ba. Haka kashi na biyu na SSE Engine Fixes, haka d3d11.dll da d3dcompiler_46e.dll na ENB, mai gyara haske da launin wasan. Vortex yana da abin da yake kira nau'in mod. Ka ba mod nau'in Engine Injector ko ENB, shi zai kai shi inda ya dace, ya kuma kwashe shi in ka yi Purge. MO2 kuwa Data kaɗai yake kwaikwayo. Ko dai ka kwafa waɗannan fayiloli da hannu, ka rubuta sunayensu a wani wuri don ranar cirewa, ko ka ƙara masa Root Builder, wanda ke kai su lokacin tashi ya kwashe bayan rufewa. Ga SKSE, tsarin da ya fi tsabta shi ne exe da dll su je da hannu, foldar Scripts kuma a girka ta a matsayin mod. Don tabbatarwa, ka shiga wasan, ka buɗe akwatin umarni da maɓallin da ke ƙarƙashin Esc, ka rubuta getskseversion. In ya ba ka lamba, ya zauna.

Rikicin fayiloli, inda aka rabu

Mods biyu suna iya kawo fayil mai suna ɗaya, a ce hoton bangon duwatsun Whiterun. Ɗaya ne kawai zai yi nasara. A MO2 jerin hagu shi ne alƙali: wanda ya fi ƙasa ya danne na sama. Ka ja mod da linzami ka sauke shi ƙasa, magana ta ƙare nan take. Kusa da kowane suna akwai alamar walƙiya, mai alamar ƙari ga wanda ke danne wasu, mai alamar ragi ga wanda ake dannewa, sai kuma fara ga wanda aka danne dukkan fayilolinsa, wato zamansa da rashinsa ɗaya. Ka danna mod sau biyu ka shiga Conflicts, za ka ga fayil-fayil wa ya ci wa. In fayil ɗaya tak ne ba ka so, ka ɓoye shi. MO2 zai ƙara masa .mohidden a suna, ba gogewa ba.

Vortex ba ya ba ka jeri, doka yake tambaya. Zai nuna jar walƙiya ya ce tsakanin wannan da wancan wa zai zo bayan wa, kai kuma ka amsa. Ga mods talatin ko hamsin, wannan ya fi daɗi, domin ba ya damun ka sai inda rikici yake da gaske, wani lokacin ma ya ba da shawara. Matsalar tana fitowa idan mods na hotuna suka yi yawa. Ka ce A bayan B, B bayan C, sai bayan mako biyu ka ce C bayan A ka manta da na baya. Vortex zai tsaya cik ya ce dokokin sun yi zobe, ya buɗe maka wani zane mai ɗigo-ɗigo da kibiyoyi kamar saƙar gizo, ka nemi kibiyar da za ka juya. A jeri mai hawa-hawa irin na MO2 zobe ba ya yiwuwa tun asali. Wannan kaɗai ya isa dalilin da masu mods ɗari uku zuwa sama suka fi karkata ga MO2.

Kada a haɗa wannan da jerin fulogin, wato fayilolin esm, esp da esl, waɗanda ke ɗauke da bayanan wasan kamar ƙarfin takobi ko kamannin mutum. A nan ma na ƙarshe ne ke cin nasara, amma jeri ne daban. Vortex yana da LOOT a cikinsa, yana jera su da kansa, kuma bai yarda ka ja su da hannu ba sai ta dokoki da rukunoni. MO2 ya sakar maka mara a jerin dama. Ga sabon shiga, tsaurin Vortex alheri ne, don LOOT ya fi shi sanin inda mods sanannu ke zama. Ga wanda yake haɗa nasa facin, wato fulogin na sulhunta mods, a SSEEdit kuma ya san abin da yake so a layi na 87, takura ce.

Ga misalin da ke nuna yadda jerin biyu ke cin amanar juna. Ka shiga Riverwood ka tarar da wata mata fuskarta baƙa ƙirin ko launin toka, wuyanta kuma launinsa daban. Abin da ya faru shi ne mods biyu sun taɓa matar. Bayananta sun fito daga fulogin na mod ɗin da ya zo ƙarshe a jerin fulogin, amma fayilolin fuskarta, waɗanda ke cikin foldodin facegeom da facetint, sun fito daga ɗaya mod ɗin da ya yi nasara a rikicin fayiloli. Wasan ya ga ba su dace ba, sai ya ƙera fuskar da kansa ba launi. Gyaran shi ne mod guda ya ci a wuraren biyu. A MO2 jerin biyu suna gefe da gefe a fuska ɗaya, ido zai kama saɓanin. A Vortex sai ka yi zirga-zirga tsakanin shafin Mods da na Plugins. Ƙarin abin lura: fayil a sake kullum yana danne wanda ke ƙunshe cikin BSA, wato ƙunshin fayilolin wasan, komai matsayinsa a jeri.

Iyakar fulogin ta wasan ce, ba ta manaja ba: cikakku 254, ƙanana masu tutar ESL har 4096. Dukansu suna nuna maka adadin.

Abin da manhajojin aiki ke haifarwa

Nemesis ko Pandora suna haɗa motsin jiki, BodySlide yana gina tufafi, DynDOLOD yana gina abin da ake hangowa daga nesa. Kowannensu yana rubuta sababbin fayiloli. A MO2, duk sabon fayil da ba shi da gida yana faɗawa wata folda a ƙasan jerin hagu mai suna Overwrite, ita kuma tana danne kowa. Wanda ya bar ta ta cika da shara zai cire mod ɗin motsi, amma mutane su ci gaba da tsayawa hannu a baje kamar gunki suna zamewa a ƙasa, saboda tsofaffin fayilolin suna nan. Dabarar ita ce a ƙirƙiri mod fanko ga kowace manhaja, a ce Nemesis Output, sannan a saitin Executables a umarci MO2 ya zuba abin da ta haifa a can. A Vortex fayilolin suna sauka cikin Data ta gaske. Idan manhajar ta canja fayil da Vortex ke kula da shi, a Deploy na gaba zai buɗe akwatin External Changes ya tambaya a ajiye canjin ko a koma na da. Mutane da yawa suna danna abin da ya zo musu, su goge aikin da BodySlide ya yi minti ashirin yana yi. Sababbin fayilolin da Vortex bai san da su ba kuma, Purge ba ya taɓa su, suna nan har sai ka bi su da hannu. Kuma kada ka dogara da Verify na Steam don share su: yana maido da abin da ya ɓata ne, ba ya cire baƙo, kuma zai iya jawo maka sabuntawar da kake gudu.

Ranar da wasan ya ƙi tashi

Idan ya mutu kafin menu, abu biyu ake fara zargi. Na farko, wani fulogin yana neman uban gidansa, wato fulogin da ya dogara a kai, amma babu shi. Dukan manajojin suna sa jar alama a kansa su faɗi sunan abin da ya ɓata. Na biyu, dll na wata siga daban. Ka buɗe skse64.log a Documents\My Games\Skyrim Special Edition\SKSE, zai faɗi wanda ya ƙi ɗauka. Crash Logger, mod mai rubuta dalilin faɗuwar wasa, yana ajiye rahotonsa a wannan foldar, kuma sau da yawa sunan mod ko fayil ɗin da ya jawo faɗuwar yana cikin layukan sama. Abu mai launin shuɗi-ja yana nufin hotonsa ya ɓata. In duk wannan bai nuna ɓarawon ba, sai rabin-rabin: kashe rabin mods, gwada a sabon wasa, sake raba rabin da ke da laifin. Mods 128 zagaye bakwai ne. A MO2 kowane zagaye cire alama ne da danna Run. A Vortex sai an jira Deploy kowane karo, wanda a tsohon diski mai juyawa da dubban fayiloli yakan ja lokaci. Kada a yi wannan gwaji a kan ajiyar da kake ji da ita, domin mod mai umarni yana barin saiwarsa a cikin fayil ɗin ajiya ko bayan an cire shi.

MO2 yana da nasa ciwon na musamman. Tun da USVFS kutsawa yake cikin wasu manhajoji, riga-kafin bayiros yakan ɗauke shi a matsayin ɓarawo, ya toshe ko ya goge fayilolinsa. Alamar ita ce ka danna Run, MO2 ya kulle na daƙiƙa biyu ya buɗe, ba abin da ya tashi, ko wasan ya tashi ba mods. Ka sa foldar MO2 da ta wasan cikin jerin waɗanda aka yafe wa bincike a Windows Security.

Data, wuta da filash

Ga mai sayen data da kuɗinsa, foldar saukewa ta fi komai daraja. Dukansu suna ajiye ainihin fayilolin zip da 7z, kuma ɗaya yana iya girka abin da ɗayan ya sauke, don haka sauya manaja ba ya nufin sake saukewa. Ka dai yi Purge a Vortex kafin ka koma MO2. Wajen ɗaukewar wuta, MO2 ya fi juriya, domin dukan tsarinka ƙananan fayilolin rubutu ne a foldar profiles, modlist.txt da plugins.txt, kuma akwai maɓallin ajiye kwafinsu a saman kowane jeri. Vortex yana riƙe nasa a rumbun bayanai cikin AppData, yana kuma yin kwafin kansa, amma wutar da ta ɗauke ana tsakiyar Deploy tana iya barin Data rabi a ƙulle rabi a kwance, sai an yi Purge an sake. Idan an girka MO2 a tsarin Portable, foldarsa ɗungurum ana iya kwafa ta a kai wata kwamfuta, a gyara adireshin wasan a ModOrganizer.ini, a ci gaba. Filash mai tsarin FAT32 dai ba ya ɗaukar fayil da ya wuce 4 GB, manyan mods na hotuna kuma sukan wuce.

Wanda ba ya son haɗa jeri da kansa, zaɓin ya riga ya yi kansa: haɗaɗɗun jerin mods na Nexus masu suna Collections da Vortex suke aiki, na manhajar Wabbajack kuma MO2 suke zuwa da shi a shirye. A duka biyun, marar rajistar kuɗi a Nexus sai ya danna saukewar kowane mod ɗaya bayan ɗaya, kuma manyan jerin sukan haura 100 GB.

Idan Skyrim, Fallout 4 ko New Vegas ne kaɗai gabanka, kuma ka san za ka kai ga BodySlide da DynDOLOD da faci na hannu, ka sha wahalar kwana biyun farko ka koyi MO2. Idan mods ɗinka ba za su wuce hamsin zuwa ɗari ba, ko kana tsalle tsakanin Skyrim da The Witcher 3 da Stardew Valley da Cyberpunk 2077, Vortex ya fi dacewa, musamman a wasannin da mods ɗinsu ke warwatsuwa a foldodi daban-daban na tushen wasan. Abin da ba a yi shi ne ɗora su biyun a kan wasa ɗaya: MO2 zai tarar da mahaɗan Vortex a cikin Data ya ɗauka kayan wasan ne na asali, ka kashe mod a jerin hagu amma ya ci gaba da aiki. In kana shakkar ko Vortex ya bar sawu, ka nemi fayil mai suna vortex.deployment.json a cikin Data; in yana nan, ba a yi Purge ba tukuna.